Amsoshin Tambayoyinku: Manhaja na korar mini baƙi da sunan hana casu

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamar makaranta ce da ta yi ritaya, mazauniyar birnin Katsina. Da kuɗin sallamata na gyara wani sashe mai ɗakuna uku da falo da marigayi maigidana ya bari a unguwar GRA, na sa masa sola da tankin ruwa, sannan bisa shawarar ɗana na sanya shi a wata manhajar hayar masauki ta intanet, domin baƙi masu kwana ɗaya zuwa mako guda. Da farko komai lafiya, domin ma'aikatan ƙungiyoyi da masu zuwa taro a jami'a suna sauka, suna biya, suna tafiya. Amma a cikin wata biyun nan mutum uku sun aiko mini saƙo cewa manhajar ta hana su kama gidan, tana nuna musu rubutu wai akwai alamun za a yi casu ba da izini ba. Ɗayansu wani saurayi ne ɗan Ƙofar Ƙaura, yana nemar wa kawunnansa da za su zo ɗaurin aure daga Maraɗi wurin kwana na daren Juma'a kaɗai. Na danna amincewa da hannuna, duk da haka kuɗinsa ya ƙi shiga. Na rubuta wa kamfanin, suka amsa mini cewa ba sa ɗage irin wannan hani, gidan kuwa ya kwana babu kowa. Yanzu ɗana na cewa in riƙa karɓar lambar wayar irin waɗannan baƙi, su turo mini kuɗi ta banki kai tsaye. Malam, laifin me na yi? An sa wa gidana alama ne? Kuma shawarar yaron nan abin bi ce?

Wata mai karatu, daga Katsina

AMSA: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Allah ya jiƙan maigida, ya sa albarka a abin da ya bari. Kin sakaya sunan manhajar, ni ma zan bar shi a sakaye, sai dai zan yi miki bayani da tsarin Airbnb, saboda shi ne kamfanin da ya fi fitowa fili ya faɗi yadda yake tace masu neman masauki, kuma rubutun da baƙinki suka gani irin wanda aka sani ne a wannan harka.

Ki kwantar da hankalinki game da laifi, domin irin wannan hani ba hukunci ba ne a kan mai gida. Abin da na'urar da ke tace baƙi a manhajar take aunawa shi ne siffar neman da aka yi: wane ne mai neman, tun yaushe ya buɗe asusunsa, shin masu gidajen da ya taɓa sauka sun rubuta yabo a kansa, kwana nawa yake so, ranar aiki ce ko ƙarshen mako, kuma mene ne nisan da ke tsakanin inda yake zaune da gidan da yake nema. Waɗannan su ne ma'aunan da Airbnb da kansa ya lissafa a watan Agustan 2022, lokacin da ya ƙaddamar da tsarin a Amurka da Kanada, bayan ya gwada shi a Ostireliya tun daga Oktoban 2021, inda ya ce casun da ake yi ba da izini ba ya ragu da kashi 35 cikin 100 a yankunan gwajin. Gidanki ya shiga lissafin ne ta fuska ɗaya, wato kasancewarsa gida sukutum wanda mai shi ba ya kwana a ciki.

Tsarin nan yana da tarihi mai ɗaci, kuma sai an san shi za a gane dalilin taurin kan kamfanin. A daren 31 ga Oktoban 2019, daren bikin Halowin, aka yi casu a wani gidan haya na Airbnb a garin Orinda na jihar Kalifoniya, mutane fiye da 100 suka cika gidan, aka buɗe wuta, mutum 5 suka rasa rayukansu. Rahotannin 'yan jarida sun ce wadda ta kama gidan ta gaya wa mai shi cewa 'yan'uwanta ne za su kwana domin guje wa hayaƙin gobarar daji. Cikin kwanaki kaɗan shugaban kamfanin, Brian Chesky, ya sanar da haramta gidajen casu. A Yulin 2020 aka hana matasan Amurka 'yan ƙasa da shekara 25, waɗanda ba su da yabo uku daga masu masauki, kama gida sukutum kusa da inda suke zaune. A Agustan wannan shekara, ana tsakiyar annobar korona, aka haramta casu da taruka a gidajen manhajar a duk duniya, aka kuma ƙayyade masu kwana kada su wuce 16. A Yunin 2022 haramcin ya zama na dindindin, aka janye ƙayyadewar mutum 16 ɗin, kamfanin kuma ya ce a 2021 kaɗai ya dakatar da baƙi fiye da 6,600 saboda karya dokar. Hausawa na cewa wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Abin da ya faru a Orinda ya koya wa kamfanin cewa kyakkyawan bayanin baƙo ba hujja ba ne, amincewar mai gida ma ba hujja ba ce, tunda shi ma mai gidan Orinda amincewa ya yi. Wannan ne ya sa dannawar da kika yi da hannunki ba ta buɗe ƙofar ba.

Yanzu ki dubi saurayin Ƙofar Ƙaura da idon na'urar. Matashi ne, mai yiwuwa a ranar ya buɗe asusun, babu wanda ya taɓa rubuta komai a kansa, gidansu bai fi tafiyar 'yan mintuna a Keke Napep zuwa GRA ba, yana neman ɗakuna uku da falo na dare ɗaya tak, daren kuma na Juma'a. A Amurka, wanda ya haɗa waɗannan siffofi sau da yawa wurin raƙashewa yake nema, domin mai gidan kwana a gari ba shi da dalilin kama wani gidan a garin. A Katsina kuwa wannan ita ce siffar ɗan kirki da aka ɗora wa nauyin saukar baƙi. Mu a wurinmu baƙo ba ya nemar wa kansa masauki, mai biki ne ke nema masa, kuma yaron gidan da ya iya waya shi ake miƙa wa aikin. Ɗaurin aure yawanci Juma'a ne bayan an sauko daga masallaci, ko Asabar da hantsi, saboda haka daren da aka fi buƙatar masauki shi ne daren da na'urar ta fi tsoro. A ganina an yi awon ne da mudun wata ƙasa, kuma babu shakka yana zaluntar mutanen kirki da yawa a nan. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yaro mai mutunci ya ga an rubuta masa a waya cewa ana zarginsa da shirya casu, alhali kawunnansa dattawa yake nemar wa inda za su miƙe ƙafa.

Akwai kuma wata matsala ta biyu da ke ɓoye a cikin labarin yaron, wadda ko na'urar ba ta tare shi ba za ta iya tasowa. Dokar Airbnb ba ta yarda mutum ya kama masauki wa wasu alhali shi ba zai kwana a ciki ba, in ban da tsarin da aka ware wa tafiye-tafiyen aiki. Dalilinsu shi ne wanda aka tantance shaidarsa shi ya kamata a gani a gidan. Don haka a karo na gaba, idan wani ya ce wa baƙinsa yake nema, ki gaya masa tun da wuri cewa ɗaya daga cikin masu kwanan ne zai kama da asusunsa. Da a ce babban kawun ne ya nema daga Maraɗi, da sunansa da katin shaidarsa, da nisan ya zama abin da zai taimake shi, ko da yake sabon asusu da kwana ɗaya suna nan a matsayin abin zargi.

Sauran abin da ke hannunki kaɗan ne, amma yana da amfani. Ki mayar da mafi ƙarancin kwana ya zama biyu a ƙarshen mako, domin dare ɗaya na cikin abin da ya fi tayar wa na'urar hankali, kuma a gaskiya masu zuwa biki daga Kano ko Zariya ko Maraɗi sukan iso Alhamis su koma Asabar. Ki shawarci baƙi su kama da wuri, su kammala tantance shaidarsu, su sa hoto da bayanin kansu. Duk baƙon da ya sauka lafiya ya tafi lafiya, kada ki yi kasalar rubuta masa yabo a cikin kwana 14 da manhajar ke bayarwa, domin a gari irin namu da yawancin mutane ba su da tarihi a manhajar, masu masauki ne kaɗai za su iya gina wa jama'a wannan tarihin, kuma yabon da kika rubuta wa baƙo yau shi zai buɗe masa ƙofar wani gidan a Daura ko Abuja gobe. Wanda aka tare kuma, shi ya kamata ya kai ƙorafi ga kamfanin daga nasa asusun, tunda a kansa hanin ya faɗa. Kamfanin ya bayyana cewa wanda aka hana kama gida sukutum yana iya kama ɗaki a gidan da mai shi ke ciki, ko ɗakin otal. Idan sashen nan a cikin harabar da kike zaune yake, kuma akwai falo ko kicin da kuke tarayya da baƙi, kina iya sanya ɗakunan ɗaya-ɗaya. Idan kuwa ba haka ba ne, kada ki rubuta abin da ba shi ne ba domin ki zille wa na'ura, saboda baƙo ɗaya da ya kai ƙara ya isa a sauke gidan daga manhajar.

Shawarar ɗanki tana da fuska biyu, kuma dole a rarrabe su. Wanda ya same ki ta hanyar 'yan'uwa, ko ta WhatsApp, ko ya ga allon da ke ƙofar gidan, wannan baƙonki ne, kamfani ba shi da ta cewa a tsakaninku, kuma ina ba ki shawarar ki raya wannan hanyar sosai, domin a Katsina sanayya ta fi manhaja kawo baƙi. Amma wanda ya fara tuntuɓarki a cikin manhajar, ki janye shi waje ki karɓi kuɗinsa ta banki, wannan saɓa yarjejeniyar da kika amince da ita ne ranar da kika buɗe asusu, kuma yana iya jawo a rufe asusun gaba ɗaya, yabon da kika tara ya tafi a banza. Bayan haka, kariyar da Airbnb ke kira AirCover, wadda ke biyan diyyar ɓarna har zuwa dala miliyan 3, tana aiki ne kawai a kan hayar da aka ƙulla a cikin manhajar. Ki kuma lura da wanda za ki karɓa ta bayan gida: shi ne fa mutumin da tacewa ta riga ta tsayar. Tara cikin goma na iya zama mutanen kirki, amma idan na goman ya zo, ya fasa talabijin, ya ƙona katifa, ya tara miki 'yan unguwa a ƙofa da ƙarfe biyun dare, babu kamfani, babu diyya, ke kaɗai ce da shi. Kuɗin dare ɗaya bai kai wannan ba.

Akwai wata magana da nake ganin wajibi ne in faɗa miki ko da ba ki tambaya ba. Wani lokacin na'urar tana da gaskiya, ko da mai neman ba shi da mugun nufi. Mun san yadda saukar baƙin biki take a ƙasar Hausa. Ana cewa mutum shida ne za su kwana, amma kafin la'asar ƙawayen amarya sun cika falo, mai lalle ta baje kayanta a kan kafet, an shigo da kuloli, yara na guje-guje a tsakar gida, wani ya jona lasifika. Babu giya, babu fitsara, amma a ma'aunin kamfanin wannan taro ne, kuma maƙwabcin da aka toshe wa ƙofar gareji da motoci ba zai ga bambanci ba. Saboda haka ki yanke wa kanki shawara ko wurin kwana kike bayarwa ko wurin taro. Idan kina son kuɗin kamu da sa lalle da wuni, sana'a ce halastacciya, amma a wajen manhajar za ki yi ta, da rubutacciyar yarjejeniya, da kuɗin ajiya na ɓarna da za a mayar in an bar gida lafiya, da adadin mutane, da lokacin tashi, da kuma sanin maƙwabta. Baƙin manhajar kuwa ki rubuta musu ƙa'idojin gida da Hausa da Turanci, ki faɗi mutum nawa ke kwana da mutum nawa aka yarda su zo gaisuwa, ki kuma tambayi kowa abin da ya kawo shi gari kafin ki amince.

TAMBAYA: Malam, ni tawa matsalar kishiyar ta sauran ce. Ina da gidan saukar baƙi a Daura, wanda ya fi samun ciniki lokacin Sallar Gani da hawan Magajiya. Kwanan baya wani ya kama shi ta manhaja na kwana uku, asusunsa tsoho ne mai yabo, babu abin da ya tare shi. A dare na biyu suka yi bikin zagayowar ranar haihuwa da kiɗa har asuba, suka karya kujeru biyu da ƙofar banɗaki, maƙwabta suka kai ƙarata wurin mai unguwa. Ina amfanin na'urar da ake cewa tana hana casu? Kuma zan iya sa kyamara a falo domin in riƙa ganin abin da ake yi?

Wani mai karatu, daga Daura

AMSA: Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Wasiƙarka da ta Hajiya suna nuna abu guda ne ta fuska biyu. Na'urar ba ta ganin zuciya, siffa take gani, kuma wanda ya san ma'aunan yana iya kauce musu: ya yi amfani da tsohon asusu, ya kama kwana uku alhali dare ɗaya yake buƙata, ya nema tun da sauran lokaci. Ko a gwajin Ostireliya da kamfanin ke alfahari da shi, raguwa aka samu ta kashi 35, wato mafi yawan abin da ake gudu bai gushe ba. Duk mai masaukin da ya sallami maigadi saboda ya dogara da tacewar kamfani ya yi kuskure babba.

Maganar kyamara a falo kuwa, amsar ita ce a'a. Airbnb ya haramta kyamarar tsaro a cikin gida kwata-kwata tun daga 30 ga Afrilun 2024, ko a falo take ko a kicin, ko an sanar da baƙo ko ba a sanar ba. Ko da babu wannan doka ba zan goyi bayanka ba, domin a gidan da iyali ke sauka, mace na cire mayafinta a falo tana ganin tana cikin sirri, kuma leƙen al'aurar mutane ba abin da Musulmi zai nemi uzuri a kansa ba ne. Abin da aka yarda da shi shi ne kyamarar waje, kamar wadda ke kallon ƙofar shiga, da sharaɗin ka bayyana ta a bayanin gidan kafin a kama, sai kuma na'urar auna ƙarfin hayaniya wadda ba ta naɗar magana, ita ma a bayyane, kuma ba a ɗakin kwana ko banɗaki ba. Kyamarar ƙofa kaɗai ta isa ta nuna maka cewa mutum huɗu aka ce, ga talatin sun shiga.

Game da ɓarnar, idan ba a makara ba, ka ɗauki hotunan kujerun da ƙofar, ka karɓi rasit ko ƙiyasin kafinta a rubuce, ka shigar da neman diyya ta cikin manhajar, domin a tsarin Airbnb kwana 14 ake bayarwa daga ranar da baƙon ya fita. Ka kai rahoton casun, sannan ka rubuta gaskiyar abin da ya faru a sharhinka a kan baƙon, ba tare da zagi ko ƙari ba. Na san mutanenmu na jin nauyin rubuta aibin wani, suna ganin rufin asiri ya fi, amma a nan shirun naka ne zai sa na'urar ta ci gaba da ganinsa a matsayin mutumin kirki, ta miƙa shi ga wani mai gida a Katsina ko Kano.

Abin da ya fi kujeru muhimmanci shi ne maƙwabtan. A gari kamar Daura, inda kowa ya san gidan kowa, da zarar an fara kiran gidanka gidan casu, masu iyalin da kake nema lokacin Gani ba za su ƙara sauka ba, kuma magana na iya wuce mai unguwa ta kai ga Hisba. Ka je da ƙafarka wurin mai unguwar, ka roƙe shi ya raka ka gidajen da aka hana barci, ka ba su haƙuri ɗaya bayan ɗaya. Ka bar wa kowannensu lambar wayarka da ta maigadi, ka gaya musu cewa daga ƙarfe goma na dare, duk wanda ya ji kiɗa daga gidan ya kira ka kai tsaye, ko da ka yi barci. Shi kuma maigadin ka ba shi littafi da biro, ya riƙa rubuta sunan kowane mai kwana a ranar da aka sauka, ka kuma ba shi ikon rufe ƙofa ga duk wanda ba ya cikin littafin bayan sallar isha'i.